Yarinyar da Ta San Komai: Sharhi a Kan Yaran Cikin Littattafanmu

A zaman karatu na ƙarshen wata da reshenmu ya yi kwanakin baya, wani ɗan'uwa daga cikin matasan marubuta ya karanto mana babi biyu na wani littafi da yake shirin miƙa wa maɗaba'a. Ba za mu faɗi sunansa ba, domin ba shi kaɗai ke da laifin da za mu yi magana a kai ba, mu ma masu wannan sharhi in aka tona tsofaffin rubuce-rubucenmu za a tarar da shi jibge. Labarin na wani gida ne mai mata biyu a cikin birnin Katsina, wajen Ƙofar Ƙaura. Amarya ta saci jiki ta shiga ɗakin uwargida, ta kwashe kuɗin adashin da ke cikin kwalla, ta je ta cusa a akwatin wani yaro ɗan riƙo don a ce shi ya sata. Ba wanda ya gan ta sai 'yar autar uwargida, yarinya 'yar shekara uku. To, a nan ne marubucin ya buɗe mana zuciyar yarinyar, muka ji tana lissafi: Inna za ta dawo daga unguwa tana zaton kuɗinta na cikin kwalla, in ta duba ba ta gani ba za ta zargi Yaya, amarya kuwa tana tsammanin ba wanda ya gan ta, saboda haka gara in yi kamar ban gani ba har Baba ya dawo daga kasuwa.

Aka tafa masa, don kuwa Hausarsa ta yi daɗi. Sai wata Hajiya da ke zaune can baya, wadda ta daɗe tana koyarwa a firamare kafin ta yi ritaya, ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, don Allah kana da ɗiya?" Ya ce bai yi aure ba tukuna. Ta ce, "Na ga alama. Wannan yarinyar taka ba shekara uku gare ta ba, talatin gare ta." Aka yi dariya, aka shiga wani batu. Mu dai maganar ba ta bar mu ba, domin muna ganin Hajiya ta taɓo wani ciwo da ya zama ruwan dare a ƙagaggun labaranmu, wato yaron da jikinsa na yara ne amma an dasa masa kan dattijo.

Kada a ɗauka muna cewa yaro ba ya da hankali ne. Abin da muke nufi ƙayyadadde ne, kuma kowane magidanci ya san shi ko da bai taɓa raɗa masa suna ba. Wa bai san labarin mai bin bashi da ya yi sallama a ƙofar gida ba? Maigida ya kira ƙaramin ɗansa ya ce je ka ce ba ni nan. Yaro ya fito zaure da gudu ya ce, "Baba ya ce a ce maka bai nan." Mukan ce ai yaro ba ya ƙarya. Ba tsoron ƙarya ne ya hana shi ba, bai fahimci amfanin aiken ba ne tun daga tushe. Manufar aiken ita ce a dasa wa baƙo wani zato a zuciya wanda ya saɓa wa abin da ke akwai. Yaron kuwa bai kai ga gane cewa abin da ke akwai daban, abin da mutum ya ɗauka akwai daban, kuma su biyun suna iya rabuwa ba. A wurinsa abin da ya sani kowa ya san shi. Shi ya sa in ana wasan ɓuya yakan rufe idanunsa da tafin hannu a tsakar gida, ya ce ya ɓuya.

Masana halayyar yara sun daɗe suna bin diddigin wannan al'amari, kuma ya kamata marubuci ya san kaɗan daga abin da suka gano. A shekarar 1983 wasu masana biyu 'yan ƙasar Ostiriya, Heinz Wimmer da Josef Perner, suka shirya wani ɗan gwaji da 'yar tsana. Ana nuna wa yara wani yaro mai suna Maxi ya ajiye cakulan a cikin wani kabad ya fita wasa. Bayan fitarsa uwarsa ta ɗauke ta mayar wani kabad ɗin daban. Sai a tambayi yaran: in Maxi ya dawo, ina zai nemi cakulan ɗinsa? A cikin 'yan shekara 3 zuwa 4 ba a sami ko ɗaya da ya amsa daidai ba, duk inda cakulan yake a yanzu suke nunawa. A cikin 'yan shekara 4 zuwa 6 kashi 57 cikin ɗari suka nuna kabad na farko, a cikin 'yan 6 zuwa 9 kuwa kashi 86. Daga baya an sauƙaƙa gwajin, aka ga yawancin yara suna haye shi tsakanin shekara huɗu da biyar. A shekarar 2001 Henry Wellman da abokan aikinsa suka tattara sakamakon irin wannan gwaji har guda 178 daga ƙasashe daban-daban, suka tarar hanyar ɗaya ce, sai dai yaran wata ƙasa su riga na wata da 'yan watanni ko fiye.

Wani zai ce ai wannan 'ya'yan Turawa ne masu cin cakulan. To, a shekarar 1991 Jeremy Avis da Paul Harris sun kai gwajin nan maƙwabciyarmu Kamaru, wurin 'ya'yan ƙabilar Baka mazauna kurmi, waɗanda ba su shiga makarantar boko ba. Wani babba ya dafa ƙwallon mangwaron daji ya rufe a kwano ya tashi, aka sa yaro ya ɗauke ya ɓoye a tukunya, sa'an nan aka tambaye shi inda mutumin zai nufa in ya dawo. 'Yan wajen shekara biyar suka ce kwano, ƙananan kuwa yawancinsu suka kasa. Duk mai shakka yana iya gwadawa a gidansa da ƙuli-ƙuli da langa biyu. Mun gwada da namu. 'Yar shekara uku ta nuna langar da ƙulin yake ba tare da ko ɗar ba, wanta ɗan shekara biyar kuwa har da rufe baki yana ƙyaƙyata dariya, yana jiran a buɗe langar da ba kowa a ciki.

Wannan dariya tasa ita ce abin lura ga marubuci, domin ita ce dariyar mai sauraron tatsuniya.

Bahaushe bai jira Ostiriya ba kafin ya lura da wannan mataki. Idan muna maganar ƙaramin yaro mukan ce "bai yi wayo ba tukuna", in ya ɗan tasa mu ce "ya yi wayo". A duba yadda kalma ɗaya take ɗauke da ma'ana biyu: wayo shi ne buɗewar hankalin yaro, kuma wayo shi ne abin da Gizo yake yi wa namun daji. Harshen da kansa ya haɗa su, kamar yana cewa ranar da yaro ya gane ana iya ruɗin mutum, ranar ya fara zama mutum a cikin mutane. Akwai kuma 'yar ƙaramar kalmar nan "ashe", wadda a ganinmu babu kalmar da ta fi ta aiki a labarin Hausa. Duk inda aka ce "ashe", to an sami zato da ya yi karo da gaskiya: ya ɗauka ɗan'uwansa ne, ashe kura ce. Haka ma "wai", wadda mai magana ke amfani da ita ya ɗora magana a kan wani ya zare hannunsa. Yaron da ya fara sa "ashe" da "wai" a mazauninsu ya riga ya haye gwajin Maxi ko ba a yi masa ba.

Mu ɗauki tatsuniyar Gizo da giwa da dorina, wadda kusan kowane gida yana da irin tasa. Ana yunwa, Gizo ya je wurin giwa ya ce Sarkin Ruwa dorina ce ta aiko shi a ba ta hatsi, in kaka ta yi za ta biya da doki. Ya koma wurin dorina ya ce giwa ce ta aiko shi a ba ta kifi, ita ma za ta biya da doki. Ya kwashe duka ya kai wa Ƙoƙi. Da lokacin biya ya yi sai ya samo doguwar igiya, ya ba kowace bakin igiya ɗaya, ya ce ga dokinki can a ɗaure, sai ki ja. Suka wuni suna jan juna. Da asiri ya tonu suka shiga nemansa, sai ya shige cikin busasshiyar fatar wata dabba ya fito yana tangaɗi, ya ce musu shi ma faɗa ya yi da Gizo, Gizo ya nuna shi da hannu kawai ya lalace haka. Daga nan kowace ta shiga taitayinta.

A lura da yadda labarin yake hawa-hawa. Ɗan shekara uku da ke kwance a cinyar kakarsa yana da rabonsa: tsamin bakin Gizo, da haɗamarsa, da manyan dabbobi biyu suna nishi. Ɗan shekara biyar ya sami abin da ya fi haka, domin shi ya san babu doki, kuma ya san giwa ba ta sani ba. Sai kuma hawa na uku, inda mai sauraro zai riƙe cewa Gizo ya san giwa tana zaton dorina ce ta cuce ta, wato zato a kan zato. Perner da Wimmer sun gwada wannan ma a shekarar 1985, suka ga sai wajen shekara shida zuwa bakwai yara ke iya riƙe shi. Tsohuwar da ke ba da tatsuniya ba ta karanta su ba, amma dare ɗaya take ciyar da jikoki masu shekaru daban-daban daga ƙwarya guda, kowa ya ɗebi daidai cikinsa. Kuma ba ta taɓa tsayawa ta ce, "To yara, ku sani fa giwa ba ta san babu doki ba." Takan bar su su gano. Duk wanda ya duba tatsuniyoyin da Frank Edgar ya tara ya buga tsakanin 1911 da 1913, ko littattafan Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya, zai ga da wuya a tsaya ana fassara zuciyar wani. Aiki ake nunawa da magana, sauran na mai sauraro ne.

Mu Katsinawa muna da dalili na musamman na sanin wannan darasi, domin a garin nan aka yi wa ƙagaggen labarin Hausa na boko wankan jego. Kwalejin Horon Malamai ta Katsina, wadda aka buɗe a 1922, ita ta yaye Abubakar Imam da Abubakar Tafawa Ɓalewa, kuma Malam Bello Kagara mai Ganɗoki ya koyar a cikinta. Imam yana malami a Makarantar Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja don gasar da Rupert East ya shirya a 1933, kuma daga nan aka ɗauke shi aro zuwa Zariya a 1936 ya rubuta Magana Jari Ce. Wato mutumin da ya rubuta littafin nan kullum yana gaban yara a aji, ya san abin da kansu ke ɗauka.

A dubi ginin littafi na ɗaya. Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi ya bar ɗansa Musa a gida. Waziri yana ƙulla makirci a fitar da Musa daga fada. Musa yana ɗokin bin Mahmudu fagen fama, aku kuwa yana riƙe shi da labari dare bayan dare har gari ya waye. Mai karatu ya san abin da Waziri ke nufi, ya san Musa bai sani ba, ya san aku yana yin kamar labari kawai yake bayarwa alhali tsaro yake yi. Zukata uku ke nan, kowace da abin da ta ɗauka, kuma daɗin littafin duk yana cikin tazarar da ke tsakaninsu. Wannan gini ya samo asali daga tsofaffin labarun aku na Indiya da Farisa, kuma a cikin na Farisa, Tutinama, tsuntsuwar da ta fito fili ta yi wa uwargijiyarta wa'azi kashe ta aka yi, aku mai zagaye da labari shi ya tsira. Marubutanmu masu son wa'azi a kowane shafi sai su yi wa kansu hisabi. Abin da muke so a gani shi ne Imam ya ɗora nauyin wayon a kan aku, ya bar Musa da ƙuruciyarsa, da gaggawarsa, da saurin mantuwarsa in labari ya yi daɗi. Bai ba yaro abin da ba nasa ba. Kuma ɗaliban da aka rubuta wa littafin sun wuce shekarun riƙe zato a kan zato, saboda haka kayan bai fi ƙarfin jakin ba.

Tafawa Ɓalewa ya bi wata hanyar a Shaihu Umar. An sace Umar yana ƙarami, amma wanda ke ba da labarin dattijon malami ne a gaban almajiransa. Don haka in ya faɗi makircin fadawa a kan Makau, ko wahalar da uwarsa ta sha wajen nemansa, ba mu tuhumarsa, domin babba ne ke waiwaye da sanin da ya samu daga baya. Wannan ƙofa a buɗe take ga ɗan'uwanmu. Da ya sa yarinyar ta girma ta ba da labarin da bakinta, da Hajiya ba ta ɗaga hannu ba.

Akwai kuma kishiyar wannan cuta, kuma mun fi ganin ta a littattafan da aka ce na yara ne. Marubuci yana tsoron kada yaro ya kasa ganewa, sai ya tauna masa komai: Audu ya yi tunanin cewa, Binta ba ta san cewa, malam ya fahimci cewa, har labarin ya koma darasin aji. Ga wani abin mamaki daga Kanada. A shekarar 2004 Joan Peskin da Janet Astington suka raba yara 'yan wajen shekara huɗu gida biyu, aka yi makonni ana karanta musu labarai iri ɗaya. Na rukuni ɗaya an cika su da kalmomin sani da zato da tsammani, na ɗaya rukunin kuwa an bar abin a cikin aiki da hoto ba a faɗa ba. Da aka gwada su, yaran da aka tauna wa sun ƙara yawan furta kalmomin, amma waɗanda aka bari su gano da kansu sun fi su iya bayyana dalilin da ya sa mutum ya ruɗu. Kakanninmu ke da gaskiya ke nan. Yaro yana bukatar jin kalmomin nan a hirar gida, wannan babu musu, amma a cikin labari gurbin da aka bar masa shi ne wurin da yake motsa kansa.

Ba za mu ɓoye cewa akwai masu ja da mu ba, kuma suna da abin riƙewa. Na farko, a shekarar 2005 Kristine Onishi da Renée Baillargeon a Amurka sun ba da rahoton cewa jarirai 'yan wata 15 sukan daɗe suna kallo in mutum ya nemi abu a inda bai kamata ya zaci yana nan ba, kamar dai abin ya ba su mamaki. Wasu da suka maimaita irin waɗannan gwaje-gwaje sun sami haka, wasu ba su samu ba, kuma masana sun rabu a kan fassararsa. Ko da mun karɓe shi ɗungurungum, kallon jariri daban, jera lissafi mai hawa uku a zuci da kalmomi daban. Na biyu, wani zai ce yaran gidan yawa, masu tashi tsakanin kishiyoyi da 'yan uba da habaici safe da yamma, sun fi saurin wayo. Wannan ma akwai ƙamshin gaskiya, domin Perner da abokan aikinsa sun nuna a 1994 cewa yara masu 'yan'uwa da yawa sukan riga waɗanda suke su kaɗai hayewa. Amma rigayen na watanni ne zuwa shekara, ba ya mayar da 'yar uku ta zama 'yar bakwai. Na uku, za a ce ai adabi ba ɗakin gwaji ba ne, a tatsuniya ma akwai jaririn da ke magana ranar haihuwarsa. Haka ne. Sai dai tatsuniya tun daga "ga ta nan ga ta nanku" ta sanar da mu duniyar da muka shiga, a ƙarshe kuma ta ɗora ƙaryar a kan Gizo. Wanda ya ce mana gidansa yana Ƙofar Ƙaura, ya ambaci adashi da kwalla, ya yi mana alkawarin duniyar da muka sani, dole yaransa su yi irin ta yaranmu.

Abin da ya fi ba mu takaici shi ne ɗan'uwan namu ya zubar da abin da ya fi komai tsada a babin nasa. Yana da shaida wadda ta ga komai amma ba ta san ta ga wani abu ba. Ina ma ya bar ta a 'yar shekara ukunta. Inna ta dawo, ta buɗe kwalla, ta ɗora hannu a ka. An tara gida, an tsayar da ɗan riƙo yana rantsuwa yana kuka, amarya na gefe tana salati fiye da kowa. Ita kuwa 'yar auta tana bakin murhu tana wasa da ludayi, ba abin da ya dame ta, domin a wurinta ba abin da ya ɓace: kuɗi suna cikin akwatin Yaya, kuma tun da ita ta sani, ai kowa ya sani. Mai karatu ne zai riƙa kallon ta zuciyarsa na dukan uku-uku, yana jiran ko wani zai tuna ya tambaye ta. Can da dare, ana cin tuwo, Baba ya ce a kawo masa ruwa, sai ta ɗago kai ta ce, "Gwaggo, in ɗauko maki kuɗin da kika sa a akwatin Yaya?"

Mun faɗa masa haka bayan an tashi, muna tsaye a bakin titi yana jiran abin hawa. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce to in ya yi haka asiri zai tonu tun a babi na biyu, alhali ya shirya sai a babi na tara. Muka ce ko dai ya ƙara wa yarinyar shekara huɗu, ko ya sake ginin littafin. Ya ce zai duba wanda ya fi sauƙi, zai kawo mana a zama na gaba.